A YI WA RAGO ASKI KO A BAR SHI DA GASHINSA?



Ran nan a makarantarmu ta yaƙi da jahilci a Icirnawa, wani dattijo ya kawo tambaya. Ɗansa ya nuna masa hoton Turawa cikin salula suna yi wa tumaki aski. Shi kuwa ya turke rago don Layya, ga zafin bazara, rago sai haki yake. Ya ce ko shi ma ya sa reza ya rage masa gashi? Matambayi ba ya ɓata. Ga amsa, domin kowa ya amfana.

TUMAKI IRI BIYU NE

Akwai tumaki masu ulu, akwai masu gashi. Ulu shi ne gashi mai laushi, mai murɗe-murɗe, wanda ake kaɗawa kamar auduga a saƙa bargo da rigar sanyi.

A ƙasar Ostareliya akwai irin da ake kira Merino. Ulunsu ba ya zuba da kansa, tsiro yake ta yi. Shi ya sa ake aske su sau ɗaya a shekara, a samu kilo 4 ko 5 a jikin tunkiya guda. In ba a aske ba, zafi ya dame ta, kashi da fitsari su manne a ulun, ƙuda ya yi ƙwai, tsutsa ta ci naman. A 2015 an tsinci wani rago da ya ɓace a dajin ƙasar shekara da shekaru. Ulun da aka aske masa ya kai kilo 41, tafiya ma da ƙyar yake yi. Irin waɗannan tumaki, aski magani ne gare su. Amma ko su, ba a aske su cikin tsananin sanyi, don kada sanyi ya kashe su.

A ƙasarmu Nijar ma akwai masu ulu, amma kaɗan ne. Su ne tumakin Kundum na bakin kogin Isa, cikin jihar Tilaberi. A Mali kuma akwai tumakin Masina, waɗanda Fulani ke saƙa barguna da ulunsu.

NAMU FA?

Tumakinmu na ƙasar Matamaye, Uda da Balami da Ƴanƙasa, masu gashi ne. Gashinsu gajere ne mai kauri, ba ya kaɗuwa, ba mai sayensa a kasuwa. In hunturu ya wuce, abin da ya yi yawa yakan zube da kansa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Gashin nan riga ce da Allah ya yi musu. Shi ke tare rana da ƙaya da cizon ƙuda. Wanda ya aske shi ya yi hasara uku:

1. Rana ta ƙona fatar, rago ya rage cin abinci, ya rame.
2. Reza ta yanke shi, ƙuda ya bi jinin, miki ya yi tsutsa. Ta nan kuma ciwon sarƙe-haƙora yake shiga.
3. Fata mai tabo majema ba su sayenta da daraja, ba ta kuma yin buzun salla mai kyau.

YAUSHE AKE SA ALMAKASHI?

Wuri biyu kawai. In dabba ta ji ciwo, a rage gashin bakin mikin don magani ya shiga. In tana zawo kashi ya daskare a wutsiya, a datse wurin a wanke. A tafasa almakashin tukuna, a yi a hankali, wani ya riƙe dabbar.

ABIN DA RAGO KE BUKATA

In zafi ya dame shi, a kafa masa rumfa, a ba shi ruwa mai tsabta safe da rana da marece. A yi masa wanka da sabulu da hantsi, ya bushe kafin dare. A share turke kullum.

Kowane mako a buɗe gashin da hannu a duba: cikin kunne, gindin wutsiya, hantsa da tsakanin kofato. Nan kaska ke ɓuya, balle da damina. In dabba tana yawan goga jiki a bango, gashi yana tsigewa, fata ta yi ɓawo, to ƙwarƙwata ce ko ƙazwa. A ware ta daga sauran, a je wurin ma'aikatan kiwo a Matamaye ko Kance. Kada a shafa mata baƙin man mota ko maganin ƙwarin gona, guba ne. In an yi mata allura, a tambayi likita kwana nawa za a jira kafin a yanka, domin maganin yana jimawa cikin nama.

Dattijon nan ya mai da rezarsa aljihu. Ya kafa rumfar kara, ya ƙara ruwa da harawa, hakin rago ya ragu.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa da matan gida, tunda yawancin kiwon turke a hannunsu yake. Allah ya sa albarka cikin dukiyarmu, amin.