Uwargida, Kafin Ki Share Ƙurar Tsohon Silin

Damina ta wuce, an shiga gyaran gidaje daga Yakasai har Mandawari. Uwargida, idan silin ɗakinki tsohon asbestos ne, ki yi hattara ranar da kafinta zai ɓalle shi.

Ƙurar fasasshensa ce matsalar. In an shaƙe ta, takan maƙale a huhu, tana iya jawo mesoteliyoma, wato sankarar tantanin da ya lulluɓe huhu. Cutar kan yi shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana, don haka yaron da ya shaƙa yau sai ya manyanta zai gani.

Ki fitar da yara, a yayyafa ruwa, kada a sa busasshiyar tsintsiya. Tufafin da suka kwashi ƙurar a jiƙa su, ban da kakkaɓewa. Allah ya tsare mana zuri'a.