Zaɓen Takalmin Birki ga Keke Mai Faifai a Yankin Fakku

Shekaru da dama keken da aka sani a Fakku da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Kebbe da Tambuwal, a kudancin jihar Sakkwato, shi ne baƙin keke irin Raleigh na Ingila da Phoenix na ƙasar Sin, wanda birkinsa roba ce guda biyu da ke matse bakin gargare idan an ja hannun birki, kuma babu mai gyaran keken da bai san yadda ake sauya ta ba. Yanzu kuwa kekunan gwanjo masu giya da faffaɗar taya sun shigo hannun matasa da 'yan makaranta, wasu daga cikinsu ɗauke da birki mai faifai. Asalin irin wannan keke na hawan duwatsu ne, an fara haɗa shi a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, kuma birki mai faifai ya fara yaɗuwa a kansa ne tun daga ƙarshen shekarun 1990. Aikinsa ya bambanta da na tsohon birki, domin akwai faifan ƙarfe ɗaure a cibiyar ƙafar keken, wanda galibi faɗinsa milimita 160 ne ko 180, yana juyawa a cikin wani ɗan gida da ake kira gidan birki, inda takalma biyu ke damƙe shi ta kowane gefe. Takalmin birki shi ne ɗan farantin ƙarfe da aka manna wa wani dunƙulallen sinadari mai gogar faifan, kuma wannan sinadarin ne ke cinyewa a hankali har lokacin sauyawa ya zo.

Abu na farko da mai saye zai kula da shi shi ne siffar takalmin, tun kafin maganar inganci ko farashi, saboda kowane gidan birki yana da irin nasa, kuma ko a cikin kayan kamfani ɗaya ana samun siffofi iri-iri waɗanda ba sa shiga gurbin juna. Kamfanin Shimano na Japan yana da wata siffa mai lamba B01S, wadda daga baya aka sabunta ta zuwa B03S da B05S, kuma ita ce ke shiga yawancin birkunansa masu sauƙin kuɗi, har ma da wasu na kamfanin Tektro na Taiwan, alhali birkin Avid mai lamba BB5 da mai lamba BB7 kowanne da siffarsa dabam duk da kamfani ɗaya ya ƙera su. Ga wanda ke zaune a Fakku, inda sai an yi tattaki zuwa Tambuwal ko Jega ko birnin Sakkwato kafin a yi tsammanin samun irin waɗannan kaya, hanya mafi aminci ita ce ya ciro tsohon takalmin tare da ɗan sifirin da ke raba su, ya tafi da su kasuwa, a ɗora sabo a kan tsoho a tabbatar da cewa tsawo da faɗi da ramin ƙusa sun yi daidai. Goge takalmin da bai dace ba da dutse ko magagari don a tilasta masa shiga kuskure ne babba, domin yana iya motsawa ko ya fice a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Bayan siffa sai sinadarin da aka yi takalmin da shi, kuma nan ne zaɓin ke bukatar tunani. Akwai na ƙaro, wanda ake haɗa zaruruwa da garin wasu ma'adanai a ɗaure su da wani irin ƙaro na masana'anta. Yana kamawa nan take ko da birkin bai ɗauki zafi ba, ba ya yawan ƙara, ba ya cin faifai sosai, kuma ya fi araha, amma yana saurin ƙarewa a cikin laka da ruwa, sannan ƙarfinsa na raguwa idan zafi ya yi yawa. Akwai na ƙarfe, wanda ake matse garin jan ƙarfe da wasu ƙarafa a cikin tsananin zafi har su dunƙule. Yana jure taɓo da yashi da doguwar gangara, yana daɗewa, amma yana da ƙara, yana cin faifai da sauri, kuma yana tura zafi zuwa cikin gidan birki. Na uku gaurayen biyun ne, kuma halinsa tsaka-tsaki ne.

Wanda ya dubi yanayin yankin zai iya cewa na ƙarfe ne ya dace, tunda kudancin jihar ya fi arewacinta samun ruwan sama, hanyoyin ƙauyuka kan cika da taɓo daga watan Yuni zuwa Satumba, ƙurar hunturu kuma ta biyo baya, ga shi keken ƙauye ba ya tafiya wayam, domin jarka 4 masu cin lita 25 na ruwa nauyinsu ya kai kilo 100 ban da mai tuƙi. Duk da haka hukuncin yana hannun faifan ne. Yawancin faifan da ke zuwa a kan kekuna masu sauƙin kuɗi ba a ƙarfafa ƙarfensu yadda za su jure takalmin ƙarfe ba, kuma kamfanin Shimano yakan rubuta Resin Pad Only a jikin irin waɗannan, ma'ana na ƙaro kaɗai za a sa musu. Idan aka saɓa wannan, faifan zai yi zurfafan layuka ya siranta cikin ɗan lokaci, alhali samun sabon faifai ya fi samun takalmi wuya da tsada. Ƙasar yankin kuma ba ta da dogayen gangarori irin na tsaunukan Filato da za su gasa birki. Saboda haka ga mafi yawan masu keke a Fakku, takalmin ƙaro da aka saya biyu-biyu, ɗaya a kan keke ɗaya a ajiye kafin faɗuwar damina, ya fi hikima, sai dai wanda ya tabbatar faifansa na jure ƙarfe kuma yana yawan bin fadama da kaya.

Sanin lokacin sauyawa ba ya bukatar kayan aiki masu yawa. Shimano ya ƙayyade cewa idan kaurin sinadarin ya koma rabin milimita a sauya, kamfanin SRAM kuma, wanda ya mallaki Avid, yana auna sinadarin tare da farantinsa ya ce kada su gaza milimita 3. Idan aka ji ƙarfe na kukan gogar ƙarfe, to an riga an makara, farantin ne ke cin faifan. Shi kansa faifan yana da iyaka, wadda akan rubuta a jikinsa: na Shimano sabo yana da kaurin milimita 1.8, kuma ba a yarda ya gaza 1.5 ba.

Abin da ya fi kashe takalmin birki a hannun masu gyara na gefen hanya shi ne mai. An saba ɗiga baƙin mai a duk inda keke ya yi ƙara, kuma wannan yana da amfani ga sarƙa, amma ɗigo ɗaya a kan faifai ya isa ya lalata takalmi sabo ful, domin sinadarin yana shan mai kamar yadda sabuwar tukunyar ƙasa ke shan ruwa, kuma ba ya fitowa da wanki. Takalmin da ya sha mai yana ƙara mai tsanani amma ba ya tsayar da keke, wanda hakan hatsari ne ga yaron da ya ɗauko ƙaninsa a baya. Faifai ana goge shi da sifirit da tsumma mai tsabta, ba da kananzir ko fetur ba, kuma ba a taɓa fuskar takalmi da hannu mai maiƙo. Haka nan birkin da ke aiki da ruwa a cikin siririn tiyo maimakon waya yana da nasa sharaɗi, domin na Shimano da Tektro suna amfani da man ma'adini na musamman, alhali na Avid da yawancin tsofaffin na SRAM suna amfani da man birkin mota mai lambar DOT, kuma zuba ɗaya a gurbin ɗaya yana kumbura robobin ciki har birkin ya mutu.

Wajen ɗaurawa, a birki mai ruwa ana tura fistin ɗin da ke matse takalman baya a hankali da wani abu mai faɗi tun tsohon takalmin na ciki, kuma ba a jan hannun birki alhali an cire ƙafar keken. A birki mai waya, wanda galibi gefe ɗaya ne ke motsi, ana sassauta wayar, a sa sabon takalmi, sannan a matso da gefen da ke tsaye da alanki har ya kusa taɓa faifan. A birkin da ke da ƙusar da ke riƙe takalman, dole a mayar da ita, a lanƙwasa bakinta idan irin mai lanƙwasuwa ce. Daga nan sai a nemi fili a yi gudu matsakaici, a riƙa jan birki da ƙarfi har keken ya kusa tsayawa sannan a saki, ana maimaitawa kamar sau 20 a kowace ƙafa, domin ta haka ne siririn shafin sinadarin ke mannewa a fuskar faifan, kuma sai bayan an yi wannan ne ya kamata a ɗora wa keken kaya.