Magana Jari Ce na uku: me ya sa muke ajiye shi a rabi?

Da za a tare ka a bakin kasuwar Samaru a ce, "Ka taɓa karanta Magana Jari Ce?" na san amsarka tun kafin ka buɗe baki: "Haba, ai tun ina firamare." To, bari in ƙara maka tambaya ɗaya. Wanne daga ciki? Littafin nan fa guda uku ne. Na ɗaya kowa ya san shi, ko bai karanta ba ya ji a bakin yayarsa ko malamin Hausa. Na biyu akwai masu ɗan tunawa. Na uku kuwa, in ka ambace shi a majalisar samari, sai ka ga ana kallon juna. Wanda ya fara shi ma yakan ce maka bai kai ƙarshe ba, kuma dalilin kusan ɗaya ne a bakin kowa: wai ya yi sanyi, ba ya jan mutum kamar na farko.

Ina ganin masu wannan ƙorafi suna da gaskiya zuwa wani wuri, don haka bari mu fara ba su haƙƙinsu.

Ka tuna yadda na ɗaya yake. Sarki Abdurrahman ya daɗe bai sami ɗa namiji ba, sai bayan roƙon Allah aka haifa masa Musa. Waziri, wanda ya riga ya sa rai da gadon sarauta, ya ga ta kuɓuce masa, sai ya shiga ƙulla makirci. Yaƙi ya taso da Sarkin Sinari, Sarki ya fita fagen fama tare da jikansa Mahmudu, ya bar Musa a gida da kashedin kada ya kuskura ya fita. Musa kuwa jini na tafasa, kullum dare sai ya yi shiri zai bi sawu, ga shi Waziri na jiran ya leƙo waje a gama da shi. Abin da ya tsaya tsakanin yaron da ajali tsuntsu ne, aku, wanda ba shi da makami sai baki. Kowane dare zai jawo wani labari ya riƙe Musa da shi har gari ya waye. Ka ga ke nan kowane labari a littafin aiki biyu yake yi. Yana ba ka dariya, kuma yana sayen kwana ɗaya na rayuwar Musa. Kana karatu zuciyarka na cewa, in labarin yau bai yi daɗi ba fa? Shi ya sa ba ka iya ajiyewa. Daga ƙarshe Sarki ya dawo, asirin Waziri ya tonu, aka naɗa aku a kujerarsa.

A na biyu babu sauran takobi a kan wuyan kowa, amma akwai abin da za a rasa. Gasar ba da labari ce tsakanin Waziri Aku da wani aku mai suna Haziƙ, mutunci ne a kan faifai, kuma duk wanda ya taɓa zama gidan kallon ƙwallo a Samaru ranar babban wasa ya san gasa kaɗai ta isa ta riƙe mutum.

Sai na uku. Waziri Aku ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana. Shi ke nan. Uba na ba da labari, ɗa na saurare, ana gwada shi, ana gyara masa. Babu maƙiyi a bakin ƙofa, babu abokin karawa da za ka tsana. Yaron da ya saba da bugun zuciyar littafi na ɗaya sai ya ji kamar an ɗauke shi daga filin daga an mayar da shi aji. Kuma gaskiya ce, ajin aka mayar da shi. In ka ce zaren da ya ɗinke labaran na uku ya fi na sauran biyun rauni, ba zan yi maka musu ba. Rauninsa a fili yake.

Amma kafin ka yanke hukunci, duba irin ƙarshen da muka saba da shi yanzu. Wanda ya yi zamanin shagunan hayar littattafai a Sabon Gari ya san al'adar: labari ɗaya a raba shi ɗaya, biyu, uku, wani lokaci har huɗu, kowanne a yanke shi daidai inda jarumi ya zare takobi ko amarya ta faɗi sumammiya, a ce mu haɗu a littafi na gaba. Masu son labaran yaƙi da aljanu da matsafa, irin waɗanda Abdulaziz Sani Madakin Gini ya yi suna da su, sun san daɗin wannan jira da kuma zafinsa. Yau abin ya koma waya. Marubuciya za ta saki shafukan kyauta a WhatsApp ko Wattpad, daidai inda ya ɗau zafi ta ce sauran sai an biya. Ba laifi ba ne, guminta ne, kuma data ba kyauta ake ba ta ba. Sai dai ke 'yar'uwa da kika biya kuɗinki, sau nawa kika kai ƙarshe kika ji kamar an yi miki sakiyar da ba ruwa? An yi wata uku ana tara matsala a kan matsala, sai a shafi biyar na ƙarshe mugu ya yi hatsarin mota, kishiya ta haukace, jaruma ta haifi 'yan biyu, a rubuta alhamdulillahi. Marubucin ya iya ɗaura ƙulli, kwancewa ce ta gagare shi.

Ba mu kaɗai ke wannan kuka ba. A Amurka, lokacin da Veronica Roth ta fitar da Allegiant a 2013, wato cikon ukun jerin littattafanta na matasa, ta kashe jarumar da masu karatu suka bi tun daga na farko. Intanet ta ɗau wuta, wasu na cewa jarumta ce, wasu na cewa cin amana ce. Littafin ƙarshe ko'ina shi ke ɗaukar bashin da na baya suka ci, kuma shi ake kamawa in ba a biya ba.

To a nan ne nake ganin Abubakar Imam ya yi abin da ba a cika yaba masa a kai ba. Bai ja rigimar Waziri har littafi uku ba. Ya biya wannan bashi tun a na ɗaya, ya rufe shi ruf. Da ya ga dama da ya taso da wani ɗan Waziri ya zo ɗaukar fansa, ko ya sake tayar da yaƙin Sinari, mu kuwa da mun bi shi a guje. Sai ya zaɓi wata tambaya dabam, wadda ita ce ta rage bayan an ci yaƙi an ci gasa: wannan baiwa da ta ceci ɗan sarki, ta ɗaga tsuntsu ta ɗora a kujerar waziri, in mai ita ya tsufa ina za ta? Gadonta ake yi kamar gona, ko koyonta ake yi? Amsar littafin ita ce koyo ake yi, da wahala, da maimaici, da shan faɗa. Sunan littafin ma sai a nan yake cika. A na ɗaya mun ga magana ta yi ceto, a na biyu ta ci riba, a na uku kuma muna kallon yadda ake damƙa jarin a hannun na baya.

Akwai kuma wani abu da sai ka san tarihin littafin za ka gane shi, kuma tarihin nan a garin nan ya faru. Imam, haifaffen Kagara a 1911, malamin makaranta ne a Midil ta Katsina. Ya shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 da Ruwan Bagaja, abin da ya sa Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ya sa masa ido. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya, ya zauna kimanin wata shida yana wannan aiki, littattafan suka fara fitowa a 1937. Lissafa da kanka: yana da shekara ashirin da biyar. Sa'an ɗalibin da ke shirin kammala digiri ne a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda a lokacin ma babu ita, sai 1962 aka kafa ta. Kuma tun farko don 'yan makaranta aka nemi ya rubuta, saboda ana ƙarancin abin karantawa da Hausar boko.

Labaran, kimanin tamanin, da yawansu ba a kansa suka tsiro ba, kuma wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm, da namu na gida. Shi kansa akun baƙo ne. A wani tsohon littafin Indiya, wanda aka juya zuwa Farisanci a ƙarni na 14 da sunan Tuti Nama, aku ne ke riƙe matar ubangidansa da labari kowane dare don kada ta fita wajen wani namiji. Imam ya cire matar ya sa ɗan sarki, ya cire kwartanci ya sa yaƙi, ya ɗinka wa abin riga da rawani har ba ka ganin ɗinkin. Wa zai karanta Kalala da Kalalatu ya ce daga Jamus suka zo? Ai ka rantse a bayan gidanku suke.

Yanzu sake buɗe na uku da wannan a ranka. Saurayin da ya zauna a ofis a Zariya yana koyon yadda ake sarrafa labari, ana duba masa ana gyarawa, shi ne ya rufe aikinsa da hoton wani yana koyon sarrafa labari ana gyara masa. Ni dai a karatuna, Fasih ya fi kowa kama da Imam ɗin kansa, kuma ya fi kowa kama da yaran da aka rubuta littafin dominsu. Musa ɗan sarki ne, ana ba shi labari yana kishingiɗe. Fasih kuwa ana ba shi ne don gobe a ce tashi ka faɗi naka. Cikin su biyun wanne ne kai?

Na yi wannan tambaya ne don na san adadin masu rubutu a cikinku ba kaɗan ba ne. Daga ɗakunan kwanan ɗalibai zuwa Hayin Dogo da Layin Zomo, akwai waɗanda ke danna babi a waya tsakanin lacca da lacca, akwai masu karanta littafi da murya suna ɗorawa a YouTube, akwai masu gajerun barkwanci a TikTok. Duk sana'ar aku ce. Littafi na ɗaya zai koya maka yadda ake riƙe mai sauraro kada ya tashi, kuma wannan darasi mun haddace shi har mun wuce gona da iri. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne na ukun: zama a gaban wanda ya fi ka, ka kawo naka, ya ce nan ka yi sauri, nan ka cika surutu, sake. Yawancin masu rubutun waya ba su da mai ce musu sake. Abin da suke samu shi ne "ci gaba don Allah" sau ɗari a ƙarƙashin kowane babi, wanda daɗinsa ba ya misaltuwa amma bai taɓa gyara jimla ko ɗaya ba.

Wani zai ce duk wannan fassarar manya ce, shi dai ya zo neman nishaɗi bai samu ba. Ina da shawara mai sauƙi gare shi. Kada ka karanta na uku irin karatun na ɗaya, wato a zama guda kana neman me zai faru. Ɗauki labari ɗaya a rana, bayan isha'i ko a cikin motar Samaru zuwa Sabon Gari in cunkoson Kwangila ya riƙe ku. Labaran kansu ba su rage daɗi ba, Hausar nan ce ta Imam mai karin magana da zolaya, firam ɗin da aka rataye su ne ya canza. In kana da ƙane ko ƙanwa, karanta musu da ƙarfi, sannan ka rufe littafin ka ce su maimaita maka. A nan za ka ga abin da Waziri Aku yake fama da shi, kuma ina tabbatar maka za ka yi dariyar da ba ka yi ba lokacin da kake karantawa kai kaɗai.

Iyayenmu da yawa ma ta akwatin talabijin suka san wasu labaran, lokacin da aka mayar da su wasan kwaikwayo, marigayi Kasimu Yero na cikin waɗanda suka fito. Tambayi babanka ko kawunka, wataƙila shi ma zai ba ka labarin Musa da aku tiryan-tiryan, in ka ce Fasih ya ce wane ne haka.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne kusancin abin da mu. Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya yi shekaru yana aiki a Zariya, a nan ya rasu a 1981. Kamfanin Gaskiya yana Tudun Wada, kamfanin NNPC mai buga littafin shi ma na Zariya ne. Ɗalibi a Samaru na iya shiga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ko ya leƙa sashen da ake koyar da Hausa ya tarar da malaman da suka ƙare rayuwarsu a kan nazarin waɗannan littattafai uku. Wanda ba ɗalibi ba kuma kuɗin mota ne kawai tsakaninsa da masu sayar da littattafai a kasuwar Sabon Gari. In ka je, ka ce na uku kake so, don in ka ce Magana Jari Ce kawai na ɗaya za a miƙo maka. Kuma kafin ka biya ka buɗe bayansa ka tabbata shafukan ƙarshe suna nan, musamman in tsohon kwafi ne.