Wa Zai Tsaya wa Baƙo?

Duk wanda ya taɓa kora sa daga Rimaye zuwa kasuwar Kankiya ko ta Charanchi ya san cewa a kara ba a sayen dabba a hannun baƙuwar fuska. Mutum zai iso da bijimi kosasshe, ya ce daga Nijar yake, masu saye su kewaye dabbar, su duba haƙora, su shafa tozo, amma ba mai zura hannu aljihu sai dillali ya ce, "Na san shi, ni na tsaya masa." Maganar tana da nauyi, balle a shekarun nan da satar shanu ta addabi jihar Katsina. In gobe aka zo aka ce san na sata ne, baƙo ya riga ya yi nisa, rumfar dillali za a nufa. Shi ya sa yake karɓar la'ada, kuma la'ada ba ta dawowa ko da ciniki ya ƙare lafiya lau.

Belin wanda ba ɗan ƙasa ba kusan a kan wannan turbar yake tafiya. Alƙali bai riga ya yanke cewa mutumin ya yi laifi ba. Abin da ke gabansa shi ne: in na sake shi, zai dawo ranar zama? Ɗan gari yana da gona, da iyali, da mai unguwar da ya san gidan ubansa. Baƙo kuwa jakarsa ce gidansa, don haka sai an samo masa mai tsaya masa, ko kuma a ajiye kuɗi su zama madadin sanayya.

A nan Nijeriya, sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 bai ware ɗan ƙasa da baƙo ba: wanda aka kama a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Belin 'yan sanda kyauta ne a doka, har a bangon caji ofis ana rubuta haka, ko da yake mai karatu ya san abin da ke faruwa a bayan kanta. A kotu, galibi mai tsayawa ba ya ajiye kuɗi nan take. Hannu yake sawa cewa in wanda ake tuhuma ya gudu, shi zai biya adadin da aka yanka. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta fito fili ta ce ba a hana mace tsayawa don kawai ita mace ce, ta kuma ba da damar yi wa masu sana'ar tsayawa rajista. Wahalar baƙo tana cikin sharuɗɗa: a kawo ma'aikacin gwamnati mai babban mataki, ko mai takardar fili a yankin kotun, a kuma ajiye fasfo. Ɗan ci-rani daga Maraɗi mai tura kurar ruwa, ina zai samo darakta?

Kada a ɗauka talaka kaɗai wannan ke ci. Tigran Gambaryan, Ba'amurke ma'aikacin kamfanin Binance, an tsare shi a Abuja a watan Fabrairun 2024. Abokin aikinsa Nadeem Anjarwalla ya sulale ya bar ƙasar a watan Maris, sai babbar kotun tarayya ta hana Gambaryan beli a watan Mayu, bisa fargabar shi ma zai gudu. Ya zauna a kurkukun Kuje har watan Oktoba, lokacin da gwamnati ta janye tuhumar da take yi masa. Kuɗi da manyan lauyoyi duk yana da su. Gudun abokin aikinsa ne ya ɓata masa lamuni, kamar yadda baƙo ɗaya in ya ci amana a kara, sai 'yan garinsu su daɗe suna shan kallon zargi.

Inda tsayawa ta zama cikakkiyar sana'a ta kamfanoni shi ne Amurka, kuma can ne 'yan'uwanmu da suka tafi neman halali suka fi ruɗewa, domin beli iri biyu ne, a hannun hukumomi biyu da ba sa karɓar rasit ɗin juna. Na farko na kotun laifuka ne. In alƙali ya yanka dala 10,000, kamfanin beli zai tsaya, ya karɓi kusan kashi 10 cikin 100 a matsayin ladansa. To amma in hukumar shige da fice ta ICE ta riga ta aika wa gidan yarin takardar a riƙe mata mutumin, ana iya ƙara tsare shi har awa 48 bayan an biya, ta zo ta ɗauke shi. Dangi sun biya la'ada, ɗansu kuma ya fita daga wannan ɗaki ya shiga wancan.

Na biyu shi ne belin shige da fice. Doka ta ce ba ya gaza dala 1,500, abin da ya haura naira miliyan 2 a canjin 2025, kuma sau da yawa alƙalai kan yanka ninkin-ba-ninkin haka. A kotun shige da fice gwamnati ba ta ba mutum lauya kyauta, kuma shi wanda aka tsare ne zai gamsar da alƙali cewa ba shi da haɗari ga jama'a, ba kuma zai gudu ba. Shaidar biyan haraji, takardar haya, wasiƙar limamin masallaci, takardar haihuwar 'ya'ya, su ne ke cewa "mun san shi." Kuɗin kuwa gaba ɗaya ake ajiyewa, ba sa hannu kawai ba kamar namu, kuma wanda zai biya sai ɗan ƙasa, ko mai takardar zama ta dindindin, ko ofishin lauya, ko ƙungiyar agaji. In shari'a ta ƙare bai tsallake zama ko ɗaya ba, ana mayar da kuɗin har da ɗan ruwa a kai.

A nan akwai rami da ba kowa ke gani ba. Wanda ya sa hannu ake mayar wa kuɗin, ba wanda aka tsare ba, ba kuma uban da ya sayar da gona a Kusada ya aika ba. Shari'o'in da ke jiran alƙalan shige da fice sun haura miliyan 3, don haka ajiyar kan yi shekara da shekaru. Kafin ranar, mai tsayawar ya iya canza gari, ko ya rasu, ko zuciyarsa ta canza. A ganina wanda zai ba wani irin wannan amana ya rubuta ta a gaban shaidu, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Wanda ba shi da kuɗin a dunƙule sai ya faɗa hannun kamfani. Ladansu a belin shige da fice yakan fi na kotun laifuka tsada, kuma sukan nemi jinginar gida ko mota. Dillalin kara aƙalla gobe za ku haɗu a masallaci, kunya tana taka masa birki. Waɗannan ba ruwansu da kunya. Wani kamfani mai suna Libre by Nexus ya riƙa ɗaura wa baƙi na'urar bin sawu a ƙafa yana karɓar dala 420 kowane wata, mutane na zaton belinsu suke ragewa, alhali kuɗin haya ne da ba ya dawowa. A 2024 wata kotun tarayya ta ci kamfanin da masu shi fiye da dala miliyan 800.

Akwai kuma waɗanda ko an tara dukiyar Ƙaruna ba a ba da belinsu. Tun 1996 doka ta wajabta tsare baƙin da aka samu da wasu laifuka. Dokar Laken Riley ta Janairun 2025 ta ƙara da waɗanda ba su da takardu in an kama su da zargin sata, ko da a kanti ne. A Satumbar 2025 hukumar ɗaukaka ƙarar shige da fice ta ce wanda ya shiga ƙasar ta ɓarauniyar hanya ba shi da damar neman beli a gaban alƙalin shige da fice, hukuncin da alƙalan tarayya da dama suka ƙi amincewa da shi. Wanda ya shiga da biza ta ƙare masa, matsayinsa daban ne, yana iya nema.

Mutanenmu sun fi sanin Shumaisi, sansanin da ke tsakanin Makka da Jidda inda Saudiyya ke tara waɗanda za ta koro. Nan galibi jirgi ake jira, ba mai tsayawa ba, amma 'yan damfara kan bugo wa dangi waya su ce a turo kuɗin beli.

Saboda haka in waya ta zo cewa an kama ɗanka a ƙasar waje, kada ka fara da kiran mai sayen gona. Ka tambaya wace hukuma ce ke riƙe da shi, 'yan sanda ko shige da fice. In Amurka ce, ka nemi lambarsa ta baƙi mai farawa da harafin A, da ita ake gano inda yake a shafin ICE na intanet. Ka sa lauya mai lasisi ya tabbatar maka ko yana cikin waɗanda doka ta yarda a ba su beli. Sannan ka san sunan wanda zai sa hannu, ka kuma tambayi nawa ne ajiya mai dawowa, nawa ne la'ada.