Shafinka na da HTTPS amma burawza na gargaɗi? Duba kod ɗin ƙidayar baƙi

Daga Gyadi-Gyadi zuwa Ƙauyen Alu, har cikin kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni, matasa da yawa sun wuce tallata kaya a WhatsApp kaɗai. Mai sayar da waya, mai ɗinki, mai turaren wuta, kowa na son shafin intanet nasa na kansa. Sanya wa shafi tsaron HTTPS ma ya zama abu mai sauƙi, tunda Let's Encrypt ta fara raba takardar shaidar tsaro kyauta tun 2015. To amma akwai shafukan da an sanya musu tsaron, duk da haka burawzar wasu wayoyi na nuna cewa tsaron bai cika ba. Sau da yawa laifin na ɗan guntun kod ne da mai shafin ya liƙa don ya san mutum nawa ke ziyartarsa.

Yadda matsalar take

HTTPS na nufin duk abin da ke tafiya tsakanin wayarka da sabar shafin a kulle yake, wanda ke tsakani ba zai iya karantawa ko canza shi ba. Sai dai shafi ɗaya yakan jawo abubuwa daga wurare daban-daban: hotuna, bidiyo, tallace-tallace, da kod ɗin ƙidaya irin na Google Analytics, StatCounter ko Histats. Idan shafin ya zo ta https:// amma kod ɗin ƙidayar ya zo ta http://, an yi gamin gambiza ke nan. Kamar ka garƙame ƙofar shago da kwaɗo ne, ka bar taga a buɗe.

Haɗarin ba ƙarami ba ne. Kod ɗin ƙidaya yana gudana ne a cikin shafin, yana iya ganin duk abin da aka rubuta a ciki. Idan ya biyo hanyar da ba a kulle ba, misali Wi-Fi na jama'a, wani zai iya musanya shi da nasa, ya kwashe lambar waya ko kalmar sirrin kwastoma.

Abin da burawza ke yi

Tun watan Yulin 2018 Chrome ke rubuta “Not secure” a kan duk shafin da ba shi da HTTPS. Kod kuma da ya zo ta http:// a shafi mai tsaro, toshe shi ake yi kai tsaye. A 2020 Chrome ta fara gwada jawo hotuna da bidiyo ta https:// da kanta, in ba ta samu ba ta watsar. Amma tsofaffin masu ƙidaya kan haɗa da ɗan ƙaramin hoto, kuma wayoyin hannu na biyu da ba a sabunta burawzarsu ba har yanzu sukan nuna gargaɗi saboda shi.

Asarar biyu ce. Kwastoman da ya ga gargaɗi zai ja da baya, ya ɗauka damfara ce. Kod ɗin da aka toshe kuma ba ya ƙirga kowa, sai mai shafi ya zaci babu masu zuwa, alhali suna zuwa.

Yadda za ka gyara

Da farko buɗe shafin a kwamfuta, danna F12, ka shiga Console. Duk layin da ya fara da “Mixed Content” zai nuna maka adireshin da ke jawo matsalar.

Ka ɗauki adireshin, ka mayar da http:// zuwa https://, ka gwada buɗe shi shi kaɗai. Idan ya buɗe, je ka canza shi a inda aka liƙa kod ɗin. A Blogger yana cikin Theme, ƙarƙashin Edit HTML. A WordPress galibi yana saman shafi ko ƙasansa. Idan bai buɗe ba, kamfanin ba ya ba da tsaro, cire shi ne mafita.

Abin da ya fi shi ne ka shiga asusunka ka ɗauko sabon kod, maimakon kwafo na tsohon darasi a intanet. Idan lambar Google Analytics ɗinka ta fara da UA, ta mutu, domin Google ta daina karɓar bayanai ta wannan tsarin ranar 1 ga Yulin 2023. Sabuwar tana farawa da G, kuma ta https:// take zuwa.

Sannan ka rage yawansu. Mai ƙidaya ɗaya ya isa. Kowane ƙari yana cin datar baƙonka, yana kuma tura bayanansa ga wani kamfani, ga shi tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane.

In kai baƙo ne a shafin

Kada ka dogara da hoton kwaɗo, domin Chrome ta cire shi daga gefen adireshi a 2023. Taɓa alamar da ke wurin, za ta gaya maka ko hanyar a kulle take. In ka ga gargaɗi, karanta abin da ya kawo ka, amma kada ka shigar da lambar katin ATM ko kalmar sirri. Idan kuwa shafin na wanda ka sani ne, ɗauki hoton allon ka tura masa, don mai yiwuwa a tasa wayar bai taɓa ganin gargaɗin ba.