Ina ne gida? Bin salsalar Hausawan Shasha

Ranar Juma'a, 12 ga Fabrairu 2021, wuta ta tashi a Kasuwar Shasha da ke ƙaramar hukumar Akinyele a Ibadan. Mafarin abin cacar baki ce tsakanin wani ɗan dako da tumatir ya zube masa da wata mai shago, wani Bayarabe mai gyaran takalmi ya shiga tsakani, aka buge shi, ya rasu. Kafin ƙura ta lafa an rasa rayuka, rumfuna da gidaje sun ƙone, Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar, gwamnonin Kano da Kebbi da Neja da Zamfara suka zo jaje. Jama'a suka cika gidan Sarkin Sasa (wato Shasha) na lokacin, Alhaji Haruna Maiyasin, wasu kuma suka hau manyan motocin da suka sauke albasa da tattasai, aka ce za a koma gida.

Ga ɗan ci-rani maganar ba ta da wuya. Ya san garinsu, ya san gonar da ya bari, damina na jiransa. Amma a cikin Hausawan Ibadan akwai wanda nan aka yanke cibiyarsa, nan aka yanke ta ubansa, Yarbanci a bakinsa ba gargada. Shi in aka ce gida, wace tasha zai ce a sauke shi?

Wanda ya tashi bin salsalar irin wannan gida, abin da zai fara kamawa shi ne laƙabi. A Kurmi mutum yakan ɗauki sunan gari ya rataya. Marigayi Sarkin Sasa kansa akan ƙara masa Katsina a ƙarshen suna, gidan sarautar unguwar Sabo ta Ibadan kuma Zungeru ake kiransu. Sai dai laƙabi yana yaudara, don sau da yawa zangon ƙarshe yake nunawa, inda mutum ya taso ranar da ya iso, ba inda aka haifi kakansa ba. Shekaru kuwa sai a hankali. Da Sarkin Sasa ya rasu a Maris 2025, jaridu sun ce shekararsa 125. A tsarar da ba a rubuta ranar haihuwa, ana auna shekaru ne da zuwan fara, da yunwa, da sarautar wane.

Shasha ƙanwa ce a tarihin Hausawan Ibadan. Babbar ya ita ce Sabo, can kusa da Mokola, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916. Kafin nan suna zaune ne cikin gari tare da Yarbawa. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Legas a 1901, ya kai Kano bayan shekara goma, ga manoman ƙasar Yarbawa sun rungumi shukar goro. Sai fataucin da a da ake yi da jakuna zuwa Gwanja ya juyo nan: shanu su gangaro, huhunan goro su haura. Baƙo in ya sauka, gidan wani mai gida yake nufa. Shi zai ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa kan bashi, ya adana masa kuɗi. In yaron ya nuna amana, mai gida ya yi masa aure, wani lokaci da yarinyar da ya riƙa. 'Ya'yan da za a haifa da sunan gidan za a san su. Bayan tsara biyu, Banufe da Babarbare da Buzu da Bakano duk sun zama Hausawan Sabo, kuma ba mai tonon asalin wani sai in faɗa ya yi faɗa.

An taɓa samun wanda ya bi unguwar gida gida yana tambaya. Abner Cohen, masanin zamantakewa haifaffen Bagadaza, ya zauna da mutanen Sabo a 1962 da 1963, ya ƙirga mutum sama da 4,000, ya fitar da littafinsa a 1969. Shi ya rubuta yadda unguwar ta shiga Tijjaniyya kusan baki ɗaya a farkon shekarun 1950, har ta ware nata masallacin Juma'a daga na Yarbawa a 1952. Littafi ne mai daraja, amma abin da ya dame shi tsarin kasuwanci da siyasa ne. Jikan da ya buɗe shi yana neman kakansa ɗan dako, alƙaluma zai tarar.

A nan nake ɗan kishin mutanen Ailan. Yunwar dankali ta 1845 zuwa 1852 ta kashe musu wajen mutum miliyan 1, ta kori fiye da haka, akasarinsu ƙananan manoma, zuwa Amurka da Ingila da Kanada. Su ma gobara ta ci su: a 1922, cikin yaƙin basasa, ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Dublin ta ƙone da mafi yawan ƙidayar 1821 zuwa 1851. Duk da haka jikan manomi a Boston yana iya zama gaban kwamfuta ya duba rajistar coci, da jerin fasinjojin jirgin ruwa, da ƙidayar 1901 da 1911, har ya kai ga ƙauyen da aka baro. Mu ma muna da ma'ajiya, kuma abin mamaki tana kan hanya: mai tafiya daga Sabo zuwa Shasha ta Sango da Ojoo sai ya wuce ƙofar Jami'ar Ibadan, inda ma'ajiyar tarihi ta ƙasa take. Amma takardun Turawa sun fi sanin sarki da mai ƙara da mai haraji. Wanda bai taɓa rigima da hukuma ba, da wuya a ga sunansa.

Shi ya sa gidan fatake da aka fi sanin salsalarsa shi ne wanda dukiya ta sa aka rubuta. Ba gidan Ibadan ba ne, amma tafiyar iri ɗaya ce. Aliko Dangote ɗan Mariya ne, 'yar Sanusi, ɗan Alhassan Ɗantata wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955. Alhassan ɗan Abdullahi ne, ɗan Baba Talatin, madugun da ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi. Agalawa ne, baƙi da asalinsu ke komawa ƙasar Abzinawa, waɗanda suka zauna a karkarar Katsina da Kano suna noma da damina, suna fatauci da rani. Mutum shida ke nan a jere, daga attajirin Afirka zuwa madugu.

Ko a wannan gida, sunan da duniya ta sani ba na uba ba ne. Abdullahi ya rasu Alhassan yana ƙarami, mahaifiyarsa Amarya ta tafi Ankara ta ƙasar Gana da kasuwancinta, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Ita ta raine shi, mutanen Bebeji suka kira shi ɗanta, kamar yadda ake kiran yaran riƙo a Sabo da sunan gidan da ya ciyar da su. Sunan tsohuwar nan ne yau a jikin kamfanoni da tituna a Kano da Abuja.