Zanen da Ba Ya Fashewa

'Yan uwana ɗalibai, kun lura idan aka yi ta ƙara girman hoto a waya sai ya dushe, ya koma ƙananan murabba'ai? Dalili shi ne hoton waya tarin ɗigo ne masu launi, kuma adadinsu ba ya ƙaruwa. In an buɗa hoton, ɗigon ne ke kumbura.

Akwai wani irin zane da ake kira bekta. A nan kwamfuta ba ɗigo take ajiyewa ba, umarni take ajiyewa: layi ya tashi daga nan zuwa can, ya lanƙwasa kaza, a cika cikinsa da kore. In an ƙara girma, sai ta sake lissafi ta zana shi sabo. Shi ya sa bajen makaranta da aka zana da bekta zai fito tas a katin shaida, ya kuma fito tas a bana mai faɗin bangon aji.

Yawancin masu buga katin biki da bana CorelDRAW suke amfani da ita, wasu kuma Adobe Illustrator. Duka biyun na kuɗi ne. Amma Inkscape, wadda ta fito a 2003, kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta ba ta buƙatar intanet.

Abu uku mai koyo zai fara da su. Na farko siffofi, wato da'ira da murabba'i. Ka danne Ctrl kana ja, da'irarka ba za ta zama ƙwai ba. Na biyu ƙulle-ƙullen da ke kan layi. Kowane ƙulli yana da hannu, in ka ja hannun sai layin ya lanƙwasa. Ana kiran wannan lanƙwasa da sunan Pierre Bézier, injiniyan Faransa da ya yi amfani da ita wajen zana jikin motocin Renault. Na uku launi, na ciki da na gefe.

Ku gwada da tutar Najeriya. Ku zana ginshiƙi ɗaya, ku kwafe shi sau biyu da Ctrl da D, ku jera su: kore, fari, kore. Tsawon tutar ya ninka faɗinta.

Muna roƙon malamanmu su sa mana Inkscape a ɗakin kwamfuta. In mun iya, mu da kanmu za mu zana banar gasar wasanni ta bana.